Yadda Bidiyon Waƙa Ya Shiga Aji a Ƙasar Ingila

 

'Yan'uwana matasa, a ƙasar Ingila akwai wani darasi da 'yan shekara 16 zuwa 18 ke iya zaɓa a shekaru biyun ƙarshe kafin shiga jami'a, matakin da suke kira A-level. Sunansa nazarin kafafen watsa labarai. Daga cikin abin da ake yi a wannan darasi, akwai zama a aji a kunna bidiyon waƙa na minti uku ko huɗu, a tsayar, a mayar baya, a sake kunnawa, har awa guda ta wuce ana tambayar dalilin da ya sa aka ajiye kyamara a nan ba a can ba. Bayan wasu watanni sai a ce wa ɗalibi ya ɗauki kyamara ya je ya yi nasa, a ba shi maki a kai, makin kuma ya shiga cikin sakamakon da zai nemi gurbin jami'a da shi. Wanda ya ji wannan a karon farko zai iya cewa Turawa sun rasa abin koyarwa ne. Jaridun Ingilar ma sun daɗe suna yi wa darasin ba'a, wai na malalatan ɗalibai ne. Ni kuwa da na bi diddigin tarihinsa sai na ga akwai abin dubawa, musamman gare mu da muke kwana mu tashi da waya a hannu.

Ba hukuncin kiɗa da waƙa na zo tattaunawa ba. Wannan fage ne na malamai, kuma sun yi magana a kai. Abin da ke gabana shi ne inda wannan abu ya samo asali, da yadda aka yi ya shiga aji, da abin da ake koyo da shi.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, bidiyon waƙa tun ranar da aka haife shi ɗan kasuwa ne. A shekarar 1940 wani kamfani a birnin Chicago na Amurka mai suna Mills Novelty, wanda sana'arsa ƙera na'urorin da ake jefa wa kwabo, ya fito da wani akwati mai suna Panoram. Tsayinsa ya kai na mutum, da ɗan allo a samansa. Ana ajiye shi a gidajen cin abinci da mashaya, ka jefa santi goma sai ya nuna maka fim na minti uku na mawaƙi yana rera waƙa. Fina-finai takwas ne a jere a kan zare guda, kuma ba ka da zaɓi, wanda ya zo kan layi shi ne rabonka. An yi irin waɗannan gajerun fina-finai sama da 1,800 kafin kasuwarsu ta mutu a 1947. Daga baya Faransawa suka zo da nasu akwatin mai suna Scopitone, wanda ya yi tashe a shekarun 1960. Nasu mai launi ne, kana kuma iya zaɓen waƙar da kake so, kuma an san shi da cika allo da 'yan mata masu rawa a bayan mawaƙi. Wannan ɗabi'a ba ta bar bidiyon waƙa ba har yau.

A Ingila kuwa talabijin ce ta rene shi. Gidan BBC ya fara wani shiri na mako-mako a ranar 1 ga Janairu, 1964 mai suna Top of the Pops, inda mawaƙan da faifansu ya fi ciniki ke zuwa su yi wasa. Duk wanda ya fito a shirin, kasuwarsa ta buɗe. To amma mawaƙi ba zai rabu gida biyu ba. A 1966 ƙungiyar Beatles, waɗanda a shekarar ne ma suka daina yawon wasa gari-gari, suka ɗauki gajerun fina-finai na sababbin waƙoƙinsu suka aika wa gidajen talabijin a madadin kansu. A 1975 ƙungiyar Queen ta yi haka da waƙarta Bohemian Rhapsody. Cikin 'yan awoyi aka ɗauki bidiyon, kuɗinsa 'yan dubban fam ne kawai, waƙar kuma ta yi mako tara tana kan gaba a kasuwar Birtaniya. Daga nan kamfanonin faifai suka gane cewa ga wata hanyar talla mai araha.

Sai ranar 1 ga Agusta, 1981, aka buɗe tashar MTV a Amurka, tashar da ba ta da aiki dare da rana sai nuna bidiyon waƙa. Dubi wayon da ke ciki: kamfanonin faifai su ke biyan kuɗin yin bidiyon, su ba tashar kyauta, ita kuma ta cika lokacinta da shi, sannan ta sayar wa wasu kamfanoni filin talla a tsakankani. Wato mai kallo yana kallon talla, a katse masa da wata tallar, shi kuma a ransa nishaɗi yake yi. A shekarunta na farko da wuya ka ga baƙar fata a tashar, har mawaƙin Ingila David Bowie ya titsiye wani ma'aikacinta da tambaya a kan haka cikin wata hira a 1983. A shekarar ne bidiyoyin Michael Jackson suka karya wannan shinge, kuma a watan Disamba ya fitar da Thriller, mai tsawon kusan minti 14, wanda ya ci wajen dala dubu 500. Nan abin ya tashi daga ƙaramar talla ya zama masana'anta mai daraktocinta da taurarinta.

Wannan tarihin ɓangaren kasuwa ke nan. Ɓangaren makaranta shi ma yana da nasa, kuma ya girmi MTV nesa ba kusa ba.

A 1933 wani malamin adabi a Jami'ar Cambridge, F. R. Leavis, tare da wani malamin sakandare, Denys Thompson, suka rubuta littafi mai suna Culture and Environment. Tsoronsu shi ne tallace-tallace da jaridun kwabo da fina-finan Amurka suna lalata harshe da tunanin yaran Ingila. Maganin da suka kawo shi ne a shigo da tallar cikin aji, a feɗe ta a gaban yara, su ga ƙaryar da ke ciki don su tsane ta. Masana daga baya suka kira wannan hanya rigakafi: a ba yaro ɗan kaɗan daga cutar don jikinsa ya koyi yaƙarta. Duk wanda ya taɓa sauraron wa'azi a kan fina-finai a garuruwanmu zai ji wannan murya ba baƙuwa ba ce. Matsalarta guda ce. Yaro zai rubuta wa malam a takarda cewa abin banza ne, ya ci maki, da an tashi ya koma ya ci gaba da kallonsa da daɗin rai kamar jiya.

Shekara talatin bayan haka aka sami waɗanda suka lura da wannan. Stuart Hall, haifaffen Jamaika da ya taɓa koyarwa a wata sakandare a Landan, tare da Paddy Whannel na Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, suka fitar da The Popular Arts a 1964. Ra'ayinsu shi ne a daina yi wa abin da yara ke so kuɗin goro, a koya musu bambance mai kyau da maras kyau a cikinsa. A shekarar aka kafa cibiyar nazarin al'adun zamani a Jami'ar Birmingham, wadda Hall ya shugabanta daga baya. A can ne a 1973 ya kawo bayanin da har yau ɗaliban wannan darasi ke haddacewa: mai shirya saƙo yana ƙulla ma'anar da yake so a ciki, amma mai kallo yana iya karɓarta yadda take, ko ya karɓi wani sashe ya bar wani, ko ya fahimce ta sarai ya ƙi ta. Ina son wannan bayani domin ya mayar wa mai kallo mutuncinsa. Bai ɗauke shi tulun da ake ɗura wa ruwa ba.

A 1975 kuma Laura Mulvey ta wallafa wata maƙala a mujallar Screen a kan fina-finan Hollywood, inda ta ce kyamara a mafi yawansu tana kallo ne da idon namiji: shi ke tafiyar da labari, mace kuwa an tsayar da ita ne don a kalle ta. Ba a kan bidiyon waƙa ta yi maganar ba, amma da zamanin MTV ya zo sai maganar ta zauna daram kamar don shi aka yi ta. Wani malami a Jami'ar Massachusetts, Sut Jhally, ya gwada wannan a aikace a farkon shekarun 1990. Ya tattaro guntayen bidiyoyi masu yawa daga MTV, ya cire kiɗan, ya jera hotunan matan da ke ciki yana bayani a kai, ya sa wa aikin suna Dreamworlds. Da kiɗa ya kau, sai abin da kyamara ke yi da jikin mace ya fito fili: a nuna ƙafa ba fuska, a nuna ƙugu ba mai shi. MTV ta aika masa takardar gargaɗi cewa ya daina rarraba kaset ɗin, ya ƙi, maganar ta shiga jaridu, daga ƙarshe tashar ta yi shiru.

Mutumin da ya fi kowa tasiri wajen mayar da waɗannan ra'ayoyi darasin sakandare a Ingila shi ne Len Masterman, da littattafansa biyu na 1980 da 1985. Tushen koyarwarsa shi ne allon talabijin ba taga ba ne da ake leƙa duniya ta cikinta. Duk abin da ka gani wani ne ya zaɓa, ya tsara, ya bar wani abu a waje. A 1982 hukumar UNESCO ta tara wakilan ƙasashe 19 a garin Grünwald na Jamus, suka yi kira ga gwamnatoci da su sa ilimin kafafen watsa labarai a makarantu. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 darasin ya zama abin da ake zana wa jarrabawa a Ingila.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu sosai shi ne 1992, da littafin Andrew Goodwin mai suna Dancing in the Distraction Factory. Masanan da suka gabace shi, irin su E. Ann Kaplan a 1987, sun fi karkata ga nazarin hotunan da kayan aikin nazarin fim. Goodwin ya ce an bar jaki ana dukan taiki. Bidiyon waƙa ba fim ba ne, waƙar ce ta riga hoton zuwa, kuma hoton bawanta ne. Sannan kamfanin da ya biya kuɗi yana da buƙatunsa. Daga littafin nan malaman sakandare suka tsamo tambayoyin da ɗalibi zai riƙa yi. Shin hoton yana fassara baitin ne kai tsaye, ko yana ƙara masa ma'ana, ko yana saɓa masa da gangan? Shin ana yanka hoto daidai da bugun kiɗa? Sau nawa aka matso da kyamara kan fuskar mawaƙi, tunda fuskar ce hajar da kamfani ke son ta zauna a ƙwaƙwalwar mai saye? Wa ke kallon wa a cikin bidiyon, kuma a gurbin wa aka zaunar da mai kallo? Wane fim ko wane sanannen hoto aka aro don mai kallo ya ji shi ma ɗan gari ne da ya gane? Tambayoyi ne masu sauƙi, yaro ɗan shekara 16 zai iya riƙe su, kuma ina ganin sauƙin nan ne ya sa suka daɗe.

Saura ɓangaren yi da hannu, wanda shi ne ya fi jan hankalina. Da can haɗa hoto sai da na'urar kaset biyu, ana kwafa daga wannan zuwa waccan a jere, in ka yi kuskure a tsakiya sai ka sake daga wurin har ƙarshe. Makarantu kaɗan ne ke da halin wannan. Ƙananan kyamarori masu kaset na MiniDV suka fito a 1995, manhajojin haɗa hoto a kwamfuta irin su iMovie da Final Cut Pro suka fito a 1999, sai ƙofa ta buɗe. Malamai suka ga bidiyon waƙa ya fi komai dacewa da aji: gajere ne, ba a buƙatar ɗaukar magana tunda sauti ya riga ya samu, ga shi yara sun san shi ciki da bai. Pete Fraser, malami a wata kwaleji a Cambridge, ya rubuta wa malamai jagora a kan koyar da shi a 2005, shekarar da aka buɗe YouTube. A tsarin da hukumar jarrabawa ta OCR ta fara aiki da shi a 2008, rabin maki daga aikin hannu yake fitowa. Ɗalibai na iya haɗuwa har su huɗu, su yi bidiyon waƙa, su haɗa da abubuwa irin su bangon faifai da tallar mujalla. Lura da wannan haɗi: hukumar jarrabawar kanta ta ɗauki bidiyon a matsayin yanki na kayan talla.

Aikin ba wasa ba ne. Za su zaɓi waƙa, su yi nazarin bidiyoyin da ke ajinta, su zana kowane hoto a takarda kafin a kunna kyamara, su nemi izinin wurin ɗauka, su lallashi aboki ya zama mawaƙi. Ranar ɗauka za a kunna waƙar, abokin ya riƙa motsa baki daidai da ita tun daga farko har ƙarshe, a sauya wa kyamara wuri a sake, a sake, a sake. Sannan a zauna gaban kwamfuta makonni ana daidaita leɓe da sauti, ana yanke hoto a kan bugun ganga. Bidiyon minti uku yana iya ɗaukar yanka sama da ɗari. A ƙarshe ɗalibi ya yi bayanin inda ya bi al'adun masana'antar, da inda ya faɗaɗa su, da inda ya saɓa musu.

A nan ne wata tsohuwar gardama take. Masterman kansa bai saki jiki da aikin hannu ba. Tsoronsa shi ne yara za su shagala da na'ura, su ɓuge da kwaikwayon ƙwararru, su sake haifar abin da aka ce su tuhuma. Na kalli bidiyoyin ɗaliban nan da dama, tunda da yawa suna nan a YouTube, kuma ba zan ce tsoronsa banza ba ne. Za ka ga waɗanda suka san bayanin Mulvey kamar yunwar cikinsu, amma da kyamara ta zo hannu sai su ɗauki 'yar ajinsu daidai yadda Mulvey ta bayyana, kyamara ta fara daga takalmi tana hawa a hankali. Ba mugunta ba ce. Abin da ido ya saba gani ne, kuma aikin da ya yi kama da na ƙwararru shi ya fi saurin burge mai ba da maki. David Buckingham da abokan bincikensa, waɗanda suka daɗe suna zama a azuzuwan Landan tun shekarun 1990, sun kawo amsa: kwaikwayon yara ba kwafa zalla ba ne, sau da yawa akwai shaguɓe da gwaji a ciki, kuma akwai ilimin da ba ya shiga kai sai ta hannu. A wannan gaɓa ina tare da Buckingham, ko da yake ban yar da gargaɗin Masterman ba. Wanda ya taɓa zama ya duba ɗauka bakwai na murmushi ɗaya, ya zaɓi ta biyar ya yar da sauran, idan ya ga tauraro yana murmushi a allo ya san an yi wannan zaɓen. Wanda aka gaya wa kawai yana iya mantawa da zarar kiɗa ya tashi.

Kada ɗan'uwa ya ɗauka waɗannan tambayoyi na waƙoƙin Turawa ne kaɗai. Bidiyon Al-Mu'allim na Sami Yusuf, daga kundinsa na 2003, wanda da yawanmu muka kalla da ƙauna, yana nuna matashi mai ɗaukar hoto, mai gida na alfarma da mota mai tsada, yana girmama mahaifiyarsa, yana taimakon makaho. Ba laifi nake ɗora masa ba. Amma akwai zaɓi a ciki: an nuna wa matasa cewa kyawun hali da rayuwar masu hali suna tafiya tare, kuma an matso da kyamara kan fuskar mawaƙin kamar yadda ake yi wa kowane tauraro, domin shi ma akwai kamfani da faifan sayarwa. Haka nan a Kano. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan yadda waƙa da rawa, waɗanda aka aro salonsu daga fina-finan Indiya, suka zama abin da ke sayar da fim ɗin Hausa, musamman bayan Sangaya a 1999, har tallar fim kan zama waƙoƙinsa ne. Kuma a watan Oktoba na 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda 'yan daƙiƙu a bidiyon waƙar ClassiQ. Hukuncin ya faɗa kan fuskar da aka gani a allo. Ɗalibin wancan darasi, ko da ya yarda an yi ba daidai ba, zai ƙara da tambayar wanda ya tsara hoton, da wanda ya biya, da wanda ya zauna gaban kwamfuta ya zaɓi a bar shi, da kasuwar da aka nufa da shi.

Mu koma Ingila. A 2017 gwamnati ta sake fasalin darasin. Aikin hannu ya sauko zuwa kashi 30 cikin ɗari, rubutacciyar jarrabawa ta koma kashi 70, kuma kowane ɗalibi shi kaɗai ake auna aikinsa maimakon a ƙungiya. Aka kuma daina barin malami ya zaɓi duk abin da ya ga dama. Hukumomin jarrabawa suka fitar da jerin ayyukan da dole a nazarta. Kafin lokacin MTV ta riga ta koma shirye-shiryen rayuwar mutane, har ta cire kalmomin da ke nuna tashar kiɗa ce daga tambarinta a 2010, bidiyon waƙa kuma ya koma zama a YouTube da wayar hannu.

A jerin da hukumar Eduqas ta fitar a 2017 akwai bidiyon Formation na Beyoncé, wanda Melina Matsoukas ta ba da umarni. An nuna mawaƙiyar a kan motar 'yan sandan New Orleans tana nutsewa cikin ambaliya, abin da ke tuna wa Ba'amurke guguwar Katrina ta 2005 da yadda aka yi sakaci da baƙaƙen fatar birnin. An nuna ƙaramin yaro baƙi yana rawa a gaban layin 'yan sandan kwantar da tarzoma, har su ne suka ɗaga hannuwa sama. Ɗalibi zai rubuta duk wannan, ya kawo Stuart Hall, ya nuna yadda wasu suka karɓi saƙon, wasu ƙungiyoyin 'yan sanda kuma suka fahimce shi suka yi kiran a ƙaurace mata. Amma ana kuma sa ran ya duba kayan manyan kamfanonin tufafi da ke jikinta, ya duba kalanda. An saki bidiyon ranar 6 ga Fabrairu, 2016. Washegari ta rera waƙar a hutun rabin lokaci na wasan Super Bowl, shirin da ya fi kowane yawan masu kallo a Amurka, kuma tana sauka daga dandamali aka sa tallar zagayen wasanninta na duniya, mai ɗauke da sunan waƙar.